Ɗakin Karatu da Matasan Karkara a Jihar Maraɗi

Wannan shiri na musamman ya karkata ne zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, inda zai duba abin da ɗakin karatu, wato wurin da ake ajiye littattafai domin jama'a su karanta ko su ara, zai iya yi wa samari da 'yan mata 'yan shekara 13 zuwa 19. Misalin da za a ɗauka shi ne Gangara, ƙaramar hukuma ta karkara da ke kusa da iyakar jihar Katsina ta Najeriya. Ta kasance cikin gundumar Agye har zuwa 2011, lokacin da Gazawa ta zama gunduma ta kanta aka mayar da ita ƙarƙashinta. A wannan yanki, kamar yadda yake a garuruwan da babbar hanyar ƙasa ta ratsa daga Gidan Rumji zuwa Cadawa da Agye, yara da matasa ne suka fi yawa, kuma ba abin mamaki ba ne tunda kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba.

Tsarin da ya fi shahara wajen kai littafi karkara a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka shi ne wanda ake kira CLAC, wato cibiyar karatu da raya al'adu, wanda ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fara a Benin a 1986, daga baya ya bazu zuwa wasu ƙasashe har da Nijar. Yarjejeniyar tana da sauƙin fahimta: hukumar gari ta ba da gini da masu kula da shi, waɗanda sau da yawa malaman makaranta ne, ita kuma ƙungiyar ta kawo littattafai da jaridu da kayan wasa da na'urar nuna fim. Waɗanda suka tsara shi sun gane tun farko cewa jera littattafai a kan kanta ba ya jawo saurayi, shi ya sa suka haɗa aron littafi da gasar kacici-kacici tsakanin makarantu, da wasan kwaikwayo, da muhawara, da majigin dare, kuma 'yan makaranta ne suka fi cika waɗannan cibiyoyi.

Raunin tsarin yana ga harshe. Mafi yawan littattafan na Faransanci ne, saboda haka wanda ya fi amfana shi ne ɗan kwaleji mai shirin jarrabawar kammala kwaleji ta BEPC, alhali takwaransa da ya bar lakwal tun a aji uku, ko almajirin da ya iya karanta ajami sarai, yakan ɗauka cewa ɗakin ba nasa ba ne. Ba don babu abin karantawa da Hausa ba ne: an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, kamfanin Gashingo na Yamai yana buga littattafai cikin harsunan gida, ga kuma Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, waɗanda tsallaka iyaka kawai ya raba su da Gangara.

Akwai darasi a wurare biyu da ba hukuma ce ta kafa su ba. Na farko shi ne fada, wato majalisar da samarin unguwa ke kafawa a bakin titi, da sunanta da shugabanta da butar shayinta, inda ake kwashe sa'o'i ana hira da sauraron rediyo. Fada tana da abin da ɗakin karatu ke wahalar samu, wato jama'ar da ke zuwa kullum ba tare da an gayyace su ba, don haka mai kula da littattafan da ya ba kowace fada aron akwati guda na mako biyu, ya sa wanda ya iya karatu ya karanta wa saura a bayyane, zai kai ga matasan da ba za su taɓa taka ƙofarsa ba. Na biyu shi ne shagunan hayar littattafai da suka bunƙasa tare da adabin kasuwar Kano daga ƙarshen shekarun 1980, inda da 'yan kuɗi kaɗan budurwa ke ɗaukar littafin Balaraba Ramat Yakubu ko na Ado Ahmad Gidan Dabino, ya zaga gida uku kafin ya dawo. Malamai da dama sun raina waɗannan littattafan soyayya, amma su ne suka riƙe karatun Hausa a hannun mata da yawa bayan sun bar makaranta.

Batun 'yan mata ya fi kowanne nauyi, domin a Nijar kimanin kashi 76 cikin 100 nasu ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, kuma Maraɗi na cikin jihohin da abin ya fi yawa. Shirin da aka sa bayan magariba na maza ne kawai, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Yarinya tana bukatar lokacin hantsi ko bayan azahar, da mace mai kula da zaman, da izinin tafiya da littafi gida. Haka ma kalandar noma take da hukunci: babban hutun makaranta yana faɗowa ne cikin damina, lokacin da samari ke gonar gero da gyaɗa, saboda haka gasa da wasan kwaikwayo sun fi karɓuwa bayan kaka.

A watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma a cikin watan ne sabuwar dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ma'anar wannan ga gari irin Gangara ita ce, ban da biyan mai kula da littattafai, sayensu ma ya koma wuyan gwamnati da ƙaramar hukuma, kuma shugaban ƙaramar hukumar da ya ware musu kuɗi a kasafinsa yana iya cika akwatinsa na farko daga kasuwannin Maraɗi da Katsina.