Kada Yaronka Ya Sa Hannu A Takardar Barin Aiki Kafin A Yi Lissafi

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen kuɗin mota da takardun kan iyaka, mu taɓo wata magana da ta biyo mu har cikin gida. Da yawa daga cikinmu 'ya'yanmu ba su biyo mu tike ba. Muna can Etoudi muna fama da sanda da igiya, su kuwa suna tsaye a shagunan yadi da na wayar hannu a nan Briketeri, wasu a kasuwar Mokolo, wasu kuma a manyan kantunan nan masu akwatin kuɗi da na'urar lissafi. Har ila yau akwai waɗanda a cikinmu Allah Ya buɗa musu, suka zuba ribar shanu suka buɗe shago, suka ajiye yaran mutane a ciki. Ke nan maganar ta ci mu ta fuska biyu, a matsayin iyaye da kuma a matsayin iyayen gida.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne ɗan wani abokin sana'armu, yaro mai natsuwa, wanda ya yi shekara shida cif yana sayar da kaya a wani babban kanti. Sai aka kawo sabon shugaba, ya soma yi masa gani-gani. Yau a ce ya makara, gobe a ce kuɗin akwati bai cika ba, jibi a ɗauke shi daga wajen sayarwa a tura shi ɗaukar kwali. Ran nan aka kira shi ofis, aka ajiye masa takarda da alƙalami, aka ce masa ya rubuta cewa ya bar aiki don kansa a rabu lafiya, in ya ƙi kuwa a kira 'yan sanda a kan kuɗin da ya ɓace. Yaro ya tuna sunan ubansa a unguwa, ya tuna yadda zance ke yawo a ƙofar babban masallaci bayan sallar Juma'a, sai ya rubuta ya sa hannu. Sai da ya kwana uku sannan ya iya gaya wa mahaifinsa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mu mun san cewa idan aka tsayar da cinikin sa aka ba da kafin alƙalami, ana duban wanda ya fasa ne kafin a san wanda asara za ta hau. Dokar ƙwadago ta Kamaru, wato doka mai lamba 92/007 ta ranar 14 ga Agusta 1992, ita ma haka take duban rabuwar ma'aikaci da mai aiki. Tambayarta ta farko ita ce, wa ya yanke igiyar? In mai kanti ne ya sallami yaro, akwai haƙƙoƙi da suka hau kansa. In kuwa yaron ne ya ce ya bari, abin da Faransanci ke kira démission, to mafi yawan haƙƙoƙin nan sun faɗi. Shi ya sa mai son ya rabu da ma'aikaci ba tare da ya zaro ko sisi ba, ba ya korarsa. Takura masa yake yi har ya tafi da ƙafarsa, ko ya tsorata shi ya rubuta da hannunsa.

Wani zai ce ai yaronmu babu wata takarda tsakaninsa da mai shago, da baki aka yi magana. Wannan ba ya hana komai. Dokar ta yarda da yarjejeniyar baki, kuma ta ce ana iya tabbatar da ita ta kowace hanya. Shaidun maƙwabtan shago, saƙon kuɗin wata da aka turo ta waya, rigar aiki mai tambarin kanti, duk hujja ne. Abin da ake nema kawai shi ne a nuna mutum yana aiki ƙarƙashin umurnin wani ana biyansa lada. Lokacin gwaji ne ma dole sai an rubuta shi, saboda haka mai shagon da zai ce shekara biyu yana gwada yaro ne, ba shi da madafa.

Yanzu bari mu yi lissafi irin namu, da lambobi. Ƙa'idojin da ministan ƙwadago ya fitar ranar 26 ga Mayu 1993 su ne suka fayyace abin. Na farko akwai wa'adin sanarwa. Ƙaramin ma'aikaci, irin masu tsaron shago, in bai cika shekara ba ana ba shi kwana 15, daga shekara 1 zuwa 5 wata ɗaya, in ya haura shekara 5 wata biyu. Sanarwar a rubuce za ta zo, tare da dalilin sallamar. A cikin wa'adin kuma yana da kwana ɗaya kowane mako na fita neman wani aikin, ba a yanke masa komai. In mai kanti ba ya son ganinsa ko na kwana ɗaya, to ya biya shi kuɗin wa'adin gaba ɗaya. Na biyu akwai kuɗin sallama ga wanda ya cika shekara biyu a jere a wuri ɗaya. Ana ɗaukar matsakaicin albashinsa na wata a cikin watanni 12 na ƙarshe, a ba shi kashi 20 cikin 100 a kan kowace shekara daga ta 1 zuwa ta 5, kashi 25 daga ta 6 zuwa ta 10, kashi 30 daga ta 11 zuwa ta 15, kashi 35 daga ta 16 zuwa ta 20, daga nan sai kashi 40. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta. Yarjejeniyar gama-gari ta ma'aikatan kasuwanci, a inda ta shafi kanti, tana iya ba da fiye da haka, sai a tambaya.

Alal misali a ɗauka yaro yana karɓar sefa dubu 80 a wata, ya shekara shida. Kuɗin wa'adi wata biyu, dubu 160. Kuɗin sallama na shekara biyar ɗin farko ya tashi albashin wata guda, dubu 80, ta shida kuma dubu 20, an samu dubu 100. Daɗin daɗawa, in kotu ta ga babu dalili na gaskiya a korar, akwai diyya wadda ba ta kasa albashin wata uku ba, ba ta kuma wuce albashin wata ɗaya a kan kowace shekarar aiki ba, wato tsakanin dubu 240 da dubu 480. A tara a gani, daga dubu 500 zuwa dubu 740. Kuɗin bijimi ne sukutum yaron nan ya sa hannu ya bayar a cikin minti biyar. Kuma a wajen kora mai kanti ne doka ta ɗora wa nauyin kawo hujjar dalilinsa, ba yaron ba. Da zarar an rubuta takardar barin aiki sai nauyin ya juyo, yaron ne zai nemo shaidar cewa tilasta masa aka yi. Alƙali yana iya duba wannan ya mai da abin kora, amma fa hawan dutse ne, domin irin wannan magana a ɗaki ake yinta, ƙofa a rufe.

Hanyoyin takurawar ma doka ba ta bar su sakaka ba. In mai kanti ya zo da babban canji a yarjejeniya, kamar rage albashi ko sauke mutum daga matsayinsa, ma'aikaci yana da ikon ya ƙi, kuma in aka rabu a kan haka ana lissafa rabuwar a kan mai kanti ne. Sai dai a yi ƙin a rubuce, a riƙe kwafi. Cin tara haramun ne a dokar, ba a yanke wa mutum dubu biyar don ya makara. Yanke albashi da sunan kuɗin akwati bai cika ba shi ma ba abu ne da mai kanti zai yi da ƙarfin kansa ba, yana da hanyoyi ƙididdigaggu da ke bi ta gaban sufeton ƙwadago ko kotu. Dakatarwa ta horo kuwa ba ta wuce kwana 8 na aiki, kuma sai an rubuta ta da dalilinta. Albashin kansa, tun dokar watan Maris 2023, mafi ƙanƙanta a irin waɗannan ayyuka na 'yan kasuwa sefa dubu 60 ne a wata. Mun san shaguna nawa ne a layinmu ba su kai nan ba, amma wannan zance ne na wata rana.

Akwai kuma wata cuta tamu ta Hausa da Fulani, wato zuciya. A gaya wa yaro baƙar magana a gaban masu saye, sai ya ajiye makulli ya koma gida ya zauna, ya ce shi ba bawan kowa ba ne. Wallahi mun fahimci wannan, mu ma da ƙuruciya mun taɓa barin garke a hanya don an zage mu. Amma a wajen doka wannan kyauta ce ya yi wa mai kanti. Sai ya ɗauko jami'in nan da ake kira huissier ya zo ya rubuta cewa wane ya gudu ya bar aiki, shi ke nan. Har ma yana iya bin yaron kuɗin wa'adi, don shi ma mai barin aiki sanarwa ta hau kansa. Abin da ya kamata shi ne ya ci gaba da zuwa kullum a kan lokaci. In aka tare shi a ƙofa aka ce kada ya shiga, ya nemi a ba shi a rubuce. In an ƙi, ya samu shaidu biyu, ko shi ma ya ɗauko huissier ɗin ya rubuta cewa an hana shi shiga, ya wuce ofishin sufeto a ranar.

Batun barazanar 'yan sanda kuwa, gara mu faɗi gaskiya. In yaro ya ci kuɗin mutane da gaske, wannan babban laifi ne da ke zubar da kuɗin wa'adi da na sallama duka, kuma babu dattijon da zai tsaya masa. Amma girman laifi kotu ce ke auna shi, ba mai kanti ba, kuma zargi ba hujja ba ne. Sa hannu a takardar barin aiki ba ya hana a kai mutum ƙara daga baya, saboda haka bai sayi komai da haƙƙinsa ba. In an ajiye masa takarda, ya ce a ba shi ya je gida ya karanta. Babu dokar da ta ce sai ya sa hannu nan take. Mu da ba mu sayen sa da dare sai gari ya waye mun duba haƙori da kofato, bai kamata 'ya'yanmu su sa hannu a Faransancin da ba su gama fahimta ba.

Ita kuma takardar nan ta ƙarshe da ake bayarwa tare da ɗan abin da ya saura, mai cewa an biya komai an gama, wadda suke kira solde de tout compte, kada ta karya wa kowa gwiwa. Dokar ta ce sa hannu a kanta ba ya rufe wa ma'aikaci bakin neman abin da ya rage masa. Yana da shekara uku na neman albashi da makamantansa kafin haƙƙin ya tsufa. Kuma ko da kansa ya bari, ladan kwanakin da ya yi aiki, da kuɗin hutun da bai ci ba, wanda ake lissafawa kwana ɗaya da rabi a kowane wata, da takardar shaidar aiki, waɗannan nasa ne ko ta yaya aka rabu.

Ba a zarcewa kotu kai tsaye. Sai an fara zuwa wajen sufeton ƙwadago na yankin da kantin yake, ya kira ɓangarorin biyu ya gwada sulhu. In an daidaita ya rubuta takarda kowa ya sa hannu, in ba a daidaita ba ya ba da takardar rashin sulhu, da ita ake shiga kotu. Shari'ar ƙwadago ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. A kula fa, sulhun da aka sa wa hannu a gaban sufeto yana ɗaure mutum, ba kamar waccan takardar ta kanti ba, don haka a yi lissafi tun a gida.

'Yan'uwanmu masu kawo yara daga Mubi ko Maraɗi ko Anjamena su sani cewa baƙo yarjejeniyar aikinsa tana bukatar amincewar ministan ƙwadago kafin ya fara, kuma mai ɗaukar aiki ne zai nema. Kada kuma a ɗauko lissafin wata ƙasa a kawo nan. A Nijeriya, alal misali, wanda ya shekara biyar dokarsu wata ɗaya ta ba shi na sanarwa, a nan kuwa wata biyu ne in ya haura biyar.

Saura mu masu shaguna. A al'adar da muka gada, yaro yana yi wa maigida hidima shekara da shekaru, ci da sha da sutura da aure a wuyan maigida, ran da ya kawo ƙarfi a sallame shi da jari. Tsari ne mai kyau a hannun mai tsoron Allah. Amma mun sha ganin inda lokacin sallama ke matsowa sai a soma nemo wa yaro laifi, har ya yi fushi ya tafi hannu rabbana. Wannan da abin da aka yi wa ɗan abokinmu duk kanwar ja ce, kuma tun a Islamiyya, a babin ijara, an karantar da mu cewa ladan ɗan ƙodago bashi ne a wuya. Wanda ya ajiye yaro a shago yana biyansa wata-wata, ya sani ma'aikaci ya ajiye a idon doka, ko da ɗan ƙanwarsa ne. Ya rubuta ranar da ya fara da abin da yake biyansa a littafi, ya yi masa rajista a asusun CNPS, in kasuwa ta ƙi kuma ya kira shi ya faɗa masa gaskiya, ya ba shi wa'adinsa da kuɗinsa.

Shi dai ɗan abokin namu, mun raka shi wajen sufeto mu uku. Abin da ya taimake shi, wani abokin aikinsa ya yarda ya faɗi abin da ya ji ta bayan ƙofa, kuma kantin ba su iya kawo lissafin da ya nuna kuɗin da ya ɓace ba. Zama biyu aka yi, aka daidaita a kan kuɗin wa'adi da na hutu da takardar shaidar aiki. Kuɗin sallama da diyya kuwa sai an je kotu, uban ya ce ya gaji, a bar shi haka. Yanzu yaron yana riƙe mana littafin lissafi a Etoudi ranakun da motocin Ngaundere suka sauka.