Wa Ke Cinye Haƙorin da Ba Shi da Rami?

Ga kacici-kacici: a duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri, ko ƙashi bai kai shi ba, amma yana ƙarewa ba fashewa, ba rami. Sai wata rana mutum ya kurɓi ruwan sanyi ya ji zir har cikin kansa. Ya duba madubi, ya ga haƙoran gaba sun yi sumul suna ƙyalli, bakinsu ya sirance, turamen baya sun ɗan lotsa a sama. Aikin wane ne wannan?

Wadda ake fara kamawa ita ce tsutsar haƙori, wato ƙwayoyin cutar da ke cin ragowar sukari. To amma su rami suke haƙawa a lungun da datti ke maƙalewa, nan kuwa wurin tas yake. A sake su.

Buroshi fa, ko asuwaki? An kusa. Sai dai su kaɗai ba sa cin lafiyayyen haƙori haka. Lallai wani ya riga su zuwa, ya tausasa musu wurin. Wa?

Mu leƙa cikin farin ɓawon nan da likitoci ke kira inamel. Kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, kalsiyam da fosfet, a jere cikin miliyoyin sanduna sirara da suka taso daga ciki zuwa waje. Tauna ba ta razana su. Amma da ma'aunin pH na baki ya sauka ƙasa da 5.5, sai su fara narkewa. Lemon kola yana wajen 2.5.

Ga ɓarawon. Tsami ne! Shi ma'aunin pH ke aunawa: in lambar ta sauka, tsamin ya ƙaru.

Zoɓo, tsamiya, lemun tsami, har ruwan ciki mai tasowa mai ƙwarnafi, duk nasa ne. Kuma ba ya cin saman bai ɗaya. Sandunan yake bi, wani sashe ya narke kafin wani, har fuskar haƙorin ta koma kamar saƙar zuma in an duba ta da madubin ƙara girma. Miyau kan dawo da wani sashe na ma'adinin in an ba shi lokaci. Shi ya sa mai kurɓar lemo kaɗan-kaɗan wuni guda ya fi ba ni tausayi, haka ma mai ɗaukar buroshi nan take bayan ya sha: laushin yake kankarewa.

Abin da ya tafi kuwa ya tafi. Ƙwayoyin halittar da suka gina inamel suna gama aikinsu ne tun kafin haƙori ya ɓullo, kuma jiki ba ya sake yin wasu.