Rajistar Masu Lalata da Yara: Me Ya Shafi Makarantunmu?

Mun san yadda ake ɗaukar malami a makarantun ikkilisiya a Bacirawa da ƙauyukan kewaye. Wani dattijo ya ce ya san mahaifinsa, shi ke nan, ranar Litinin yana cikin aji. In aka kama shi yana lalata da ɗaliba, sai a sallame shi shiru don rufin asiri. Kafin kaka ya sami wata makarantar, can ma babu wanda ya tambaya.

Don toshe wannan ƙofa aka kafa rajista. Dokar VAPP ta 2015 ta ce a ajiye sunayen waɗanda kotu ta samu da laifin fyaɗe, kuma a Nuwamba 2019 aka buɗe rajistar ta ƙasa a hannun hukumar NAPTIP. Tana kan intanet, da suna da hoton wanda aka hukunta. A Ingila, bayan wani mai kula da makaranta ya kashe 'yan mata biyu a Soham a 2002, bincike ya nuna an sha kai ƙararsa a wani gari, amma labarin bai biyo shi ba. Yanzu a can sai hukumar DBS ta tantance mutum kafin ya yi aiki da yara.

Sai dai rajista tana ɗauke da abin da aka kai hukuma ne kawai. Duk maganar da muka kashe a zauren fasto ba za ta shiga ba, kuma yaran makaranta ta gaba ne za su biya. Wasunmu kan ce, ai ya tuba. Muna gafarta masa, yana da wurin zama a sujada, amma ba a mayar masa da aji ko Makarantar Lahadi. Ko masu hidima ma, Bulus ya umarci Timoti a gwada su tukuna (1 Timoti 3:10).

Saboda haka kwamitin makaranta ya duba rajistar, ya nemi shaidar TRCN, ya kuma kira shugaban makarantar da mutumin ya baro ya tambaye shi dalilin barinsa. In yaro ya kawo ƙara, a rubuta ranar da abin da ya faɗa, a kai wa 'yan sanda, a kai shi cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala a Kano.