Jami'a a Mafara, Firamare a Janbako: Ina Tsanin Ya Karye?

Daga 1999 zuwa 2023, kujerar gwamnan Zamfara ta yi shekara 20 cikin 24 tana zagayawa tsakanin ƙananan hukumomi uku maƙwabtan juna. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi takwas, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ya yi takwas, Bello Matawalle na Maradun ya yi huɗu. Ragowar huɗun ne kawai suka leƙa Shinkafi. Janbako, wadda mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Maradun, tana zaune ne a tsakanin waɗannan garuruwa uku, don haka idan kusanci da masu mulki yana gyara makaranta, ai yaranta ne ya kamata su fi kowa shaidawa.

A sama kam, ba a yi wa yankin rowa ba. Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, wadda aka kafa tun yankin yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiri Zamfara a 1996. A 2018 gwamnatin Yari ta kafa Jami'ar Jihar Zamfara, ita ma a Mafara. Bakura tana da kwalejin noma da kiwo. Wanda ya miƙi titin Gusau zai tarar da kwalejin horar da malamai a Maru, a Gusau kuma ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2013. Ƙananan hukumomi kaɗan ne a karkarar Arewa za su iya lissafa manyan makarantu haka a kusa da gida.

Sai dai ba a shiga jami'a da kusanci. Ana shiga ne da kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, sannan a ci JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta kawai ake rubuta ta. Kafin nan akwai shekara shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare, uku na babba. Tsani ne mai hawa 12, kuma a wannan yanki matakan ƙasa ne suka fi ruɓewa.

Alƙaluma biyu sun taɓa tona wa jihar asiri a idon ƙasa baki ɗaya. A 2013, da aka fitar da makin shiga makarantun haɗaka na gwamnatin tarayya, an buƙaci yaron Anambra ya kawo maki 139 cikin 200. Yaron Zamfara maki 4 aka nema a wurinsa, yarinya kuwa 2. A 2018 kuma, lokacin da Legas ta yi wa yara fiye da 24,000 rajistar jarrabawar shiga waɗannan makarantu, ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ce 28 kacal aka samu daga Zamfara, alhali jihar tana da irin waɗannan makarantu a Anka da Gusau. An yi ta yi wa jihar dariya a jaridun Kudu. Amma babu mai hankalin da zai ce ƙwaƙwalwar yaron Janbako ta gaza ta yaron Onica ta Anambra. Makin yana bayar da labarin ajin da yaron ya fito ne.

Ajin nan kowa ya san shi. Bangon siminti ne aka shafa wa baƙin batir ya zama allo. Yara suna zaune a ƙasa ko a kan buhu, 'yan aji biyu a ɗaki ɗaya saboda iska ta yaye kwanon ɗayan tun damina. Malam yana faɗa suna maimaitawa da ƙarfi, har a ji su daga bakin hanya, amma a ware yaro ɗaya a ce ya karanta layin da ke gabansa, sai ya sunkuyar da kai. Tsohuwar manufar ilimi ta ƙasa ta so daga aji huɗu a koma koyarwa da Turanci, ga yaron da bai gama iya karanta Hausar da yake magana da ita ba. Shi malamin ma da nasa ciwon. Dokar mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 tun 2019 aka sa mata hannu, amma sai a 2024 Zamfara ta fara aiki da ita, dab da lokacin da ƙasa ta koma 70,000. Mai takardar NCE da albashinsa bai isa ya ciyar da gida ba, dole ranar Talata a gan shi a kasuwar Mafara, ba a gaban allo ba.

Ga kuma gona. Madatsar ruwa ta Bakolori, da aka kammala a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta sa wannan yanki yana noma rani da damina. Arziki ne, amma yana da farashi a rajistar makaranta. Inda wasu ƙauyuka ke samun yaransu a aji da zarar an gama girbi, a nan aikin ba ya yankewa: dashen shinkafa, ban ruwa, tsinkar tumatir, sannan korar tsuntsaye idan shinkafa ta fara nuna, aikin da kusan kullum a kan yara yake ƙarewa. Uban da ya ga ɗan maƙwabcinsa ya gama aji shida bai iya rubuta wasiƙa ba, lissafinsa ba na jahilci ba ne idan ya ce gara yaron ya tafi fadama.

Kuma ba karatu mutanen nan suke ƙi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara biyar yana karantarwa a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi, har ya zauna a Faru, kuma mata suna halartar majalisinsa. Yau ma makarantun allo da Islamiyya cike suke safe da yamma, iyaye suna biyan kuɗin Laraba daga aljihunsu ba tare da an aiko musu da takarda ba. Inda mutum ya ga sakamako, yana biya.

Shekara da shekaru, abin da ke tsallakar da ɗan ƙauye mai ƙoƙari shi ne makarantar kwana. A can ake samun malamin kimiyya, ɗakin gwaji, abinci sau uku, da lokacin bitar dare nesa da gona da talla. Ga 'ya mace musamman, ita ce kusan hanya ɗaya tilo ta kaiwa ƙarshen sakandare. Wannan hanya ce shekarar 2021 ta datse.

Cikin wata bakwai, kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin uku ta ɗanɗana. Ranar 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe a Talata Mafara, aka sako su ranar 2 ga Maris. A tsakiyar Agusta suka shiga kwalejin noma ta Bakura, suka kashe ɗan sanda da masu gadi biyu, suka tafi da ɗalibai 15 da wasu ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba kuma, da rana tsaka, suka ɗebe ɗalibai 73 daga sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, ƙaramar hukumar gwamna mai ci a lokacin. Harin Kaya ya fi tayar da hankali ta wata fuska, domin ya nuna cewa ko yaron da ke kwana a gidan ubansa bai tsira ba. Gwamnati ta rufe makarantun jihar, ta hana cin kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Sai a farkon 2022 aka fara buɗe wani kaso, da dama suka ci gaba da zama a kulle.

Rufe makaranta wata huɗu a birni hutu ne mai tsawo. A ƙauye, ga yarinya 'yar shekara 15, sau da yawa ƙarshen karatu ne, domin kafin a buɗe an sa rana.

Waɗanda suka jure suka kai aji na ƙarshe kuma sai suka ci karo da wani shingen da ba 'yan bindiga suka kafa ba. Gwamnatocin jihar sun ɗauki nauyin biyan kuɗin jarrabawa, amma suka bar bashi ya taru. Ita kuwa hukumar jarrabawa makaminta ɗaya ne: ta riƙe sakamako. Yaro ya rubuta, wataƙila ma ya ci, amma ba shi da takardar da zai kai Mafara. Gwamna Dauda Lawal, wanda ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamban 2023, ya ce gwamnatinsa ta biya WAEC bashin naira biliyan 1.4, ta kuma biya NECO nata, har aka saki sakamakon da wasu suka yi shekaru a kulle. An yi abin da ya dace. Sai dai wanda takardarsa ta fito bayan shekara biyar ko fiye, ta same shi ne a kan babur ɗin acaɓa, ko ta same ta da goyo.

Kuɗin gyara ba babu ba ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga firamare da ƙaramar sakandare, bisa sharaɗin jiha ta zuba nata kason daidai da wanda za ta karɓa daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC. Zamfara ta kuma shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa karatun 'yan mata a sakandare. Ana ganin sabon fenti da sabon kwano a makarantu da dama. Amma gini shi ne ɓangare mai sauƙi, domin kwangila ce, ana ɗaukar hotonta. Mai wuyar shi ne a tura malamin Lissafi Janbako ko Faru ko Gidan Goga, a biya shi abin da zai zaunar da shi, hanyar da zai bi ta zama babu fargaba, sannan wani daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya riƙa zuwa ba sanarwa ya duba ko ɗan aji uku ya iya karatu. A yanzu malamai da yawa neman sauyi suke yi zuwa cikin Mafara ko Gusau, kuma da wuya a ga laifinsu.