Idon Bamako

Masu sauraro na Matameye, Kantche da kewaye, duk mai tsohon hoton Sallah a ƙasan akwati ya ciro shi ya riƙe, domin yau labarin mai ɗaukar hoto ne, Malick Sidibé, wanda ake wa kirari da Idon Bamako.

Bafulatani ne daga ƙauyen Soloba a Mali. Da kiwo ya tashi, kuma tun yana yaro ido ɗaya ya mutu masa. Da ɗayan ya ci abinci har tsufa. A 1955 ya shiga shagon wani Bafaranshe, Gérard Guillat, ya koyi sana'a, daga baya ya buɗe nasa, Studio Malick, a unguwar Bagadadji.

Mali ta samu ƴancin kai a 1960, samari kuwa kamar an kwance musu dabaibayi. Faifan James Brown, kiɗan Kuba, ɗamammen wando, tabarau ko da tsakar dare ne. Malick sai ya haye kekensa, ya bi gidajen rawa ɗaya bayan ɗaya har asuba. Maimakon barci, sai ɗakin wankin hoto. Ya fitar da ƙananan hotuna, ya liƙa a kwali, kowane da lambarsa. Samari su yi cincirindo a ƙofar shago, kowa na neman fuskarsa, ya faɗi lamba, ya biya. Wani fa ba fuskar yake nema ba, so yake ya ga ko sabon agogonsa ya fito!

A wani hotonsa na 1963, saurayi cikin kwat, budurwa ba takalmi, kawunansu sun kusa haɗuwa, idanunsu na kan ƙafafunsu. Kana kallo sai ka ji kamar faifan na juyawa.

Yamai ma ta yi nata mai ɗaukar hoton, Philippe Koudjina, wanda ya bi dararen birnin da kyamara, ya rasu a 2014.

Da hoto mai kala ya cinye kasuwa, Malick ya koma gyaran kyamarori. Can Turai ta farga da shi: a 2007 Venis ta ba shi kyautar Zakin Zinariya, ɗan Afirka na farko da ya karɓe ta. Ya rasu ranar 14 ga Afrilu, 2016.

To, wanda ya ciro nasa hoton, ya duba bayansa ko akwai hatimin shago. Ga kiɗa, mu dawo.