Daga Jirgi Mai Farfela Zuwa Yau: Darasin da Ke Shawagi a Samanmu

Manomin da ke duƙe a gonar rake a Makarfi ko Kudan, ko mai tsinkar tumatir a fadamun Ikara, yakan ji ƙugin ƙaramin jirgi, ya ɗaga kai ya kalla, ya koma bakin aikinsa. Sau da yawa ɗalibi ne a ciki, ya taso daga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke Palladan a Zariya, wadda aka kafa a 1964. Makarantar tana nan a bakin ƙofarmu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san tarihin sana'ar da ake koyarwa a cikinta.

A ƙarshen Oktoba na 1925 jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar, suka yi ta yada zango har suka sauka Kano a farkon Nuwamba. Zuwa 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Khartum zuwa Kano, daga baya ya zarce da ita Legas. Jiragen wancan zamani masu farfela ne, ba sa dogon zango ba su sha mai ba. Wanda ya ƙetaro Sahara daga Turai dole ya nemi masauki, Kano kuwa ita ce a bakin hanya, kamar yadda ta kasance zangon ayarin raƙuma tun kaka da kakanni. Shi ya sa jiragen BOAC da KLM da Sabena suka mayar da ita wurin hutawa. Da jirage masu cin dogon zango suka fito, sai suka riƙa wucewa ta sama, kasuwar Kano ta ja baya.

A 1946 aka kafa kamfanin jiragen sama na haɗin gwiwa mai suna WAAC tsakanin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Da kowa ya kama gabansa, sai Nigeria Airways ya fito a 1958, da tambarinsa na giwa mai fiffike. Ya fara da irin su DC-3, jirgin da ake wa kallon jakin sama saboda juriyarsa da iya sauka a filin ƙasa. Daga baya ya sayi Fokker F27 da F28 don zirga-zirgar cikin gida, da Boeing 707 da DC-10 don Landan da Jidda.

A ƙasar Hausa, aikin Hajji ne ya sa talaka ya san cikin jirgi. Kakanninmu a ƙafa suke tafiya ta Barno da Cadi da Sudan, a yi shekaru ba a dawo ba, wasu ma can suka zauna har jikoki. Jirgi ya mayar da tafiyar ta 'yan sa'o'i. Wannan jigilar ce ta ɗaga kamfanin Kabo Air, wanda Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a 1980, da kuma Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal daga baya.

Sai dai an sha kuka a wannan hanya. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 da ya ɗauko alhazai ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. A Yulin 1991 wani DC-8 da ya nufo Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan da tashinsa daga Jidda, duka mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya, kuma bincike ya gano cewa tayoyin da ba su da isasshiyar iska ne mafarin wutar. A Mayun 2002 kuma jirgi samfurin BAC 1-11 ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da irinsa. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ajali gaskiya ne, amma sakaci ma laifi ne. Ran fasinja yana hannun bakaniken da ya duba taya kamar yadda yake hannun matuƙi.

Nigeria Airways kansa bashi da rashin riƙon amana suka cinye shi, aka rufe shi a 2003. Ba mu kaɗai wannan ya samu ba. A Kudancin Amurka, kamfanin Varig na Brazil, wanda aka kafa a 1927 kuma jiragensa suka yi ta zuwa Legas, ya durƙushe a 2006 saboda bashi. Amma Avianca na Kolombiya, da ya samo asali tun 1919, har gobe yana tashi.

Abin koyi daga Brazil shi ne ba ta tsaya ga sayen jiragen wasu ba. A 1950 ta kafa makarantar injiniyoyin jirgin sama, injiniyoyin da makarantar ta yaye suka ƙera wani ƙaramin jirgi mai suna Bandeirante, a 1969 aka kafa kamfanin Embraer don ƙera shi da yawa. Kamfanin jigilarsu ya mutu, amma ilimin bai mutu ba. Yau jiragen Embraer suna ɗaukar fasinja a Nijeriya, har Air Peace ya karɓi sabon samfurin E195-E2 a 2021. Su da mu duk da makaranta muka fara. Su suna sayarwa, mu muna saye.

Kwalejin Zariya ba matuƙa kawai take yayewa ba. Tana horar da injiniyoyin gyaran jirgi, da masu ba jirage hannu daga hasumiya, da masu kula da na'urorin sadarwa. A nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Nijeriya, ta yi karatu, daga baya ta shugabanci kwalejin. Kuɗin koyon tuƙi yana da tsada, gaskiya ne, amma ƙofar shiga ita ce lissafi da kimiyya da Turanci tun daga sakandare.

Don haka kira ga iyaye da shugabannin ƙananan hukumominmu uku, Makarfi da Kudan da Ikara, da masu hannu da shuni: a zaɓo yara masu ƙwazo, maza da mata, a ɗauki nauyinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Makaranta ta haura shekara sittin a maƙwabtanmu, bai kamata rabonmu da ita ya tsaya ga ɗaga kai daga gona ba.