Me Ke Sa Babur Ya Yi Harbi Kamar Bindiga?

Sau da yawa akan ji babur ya yi ƙara kamar an harba bindiga, wani lokaci har da harshen wuta a bakin salansa. Wannan ba komai ba ne illa fetur da ya kama wuta a inda bai kamata ba.

Yawancin baburan yau suna aiki ne da tsarin bugu huɗu, irin na injin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya ƙera a 1876. Fistin yakan zuƙo iska da fetur cikin silinda, ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama wuta, sannan a fitar da hayaƙi. Kafin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane giram 1 nasa yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska. Da zarar wannan ma'auni ya karkace, sai matsala ta kunno kai.

Idan fetur ya yi yawa, misali ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, ba duka yake ƙonewa ba. Ragowar takan gangara cikin salansa mai zafi, in ta gamu da iskar da ta shigo ta wata ɓula, sai ta fashe. Haka ma yakan faru idan fulogi ya mutu, ko aka kashe makulli aka sake kunnawa babur yana gudu.

Idan kuwa fetur ya yi kaɗan, saboda datti ya toshe kafireta, wutar takan ci a hankali. Kafin ta mutu, bawul ɗin shiga ya sake buɗewa, sai ta koma baya ta yi atishawa ta kafireta. Bawul da ba ya rufewa sosai, ko tartsatsin da ya saɓa lokacinsa, su ma suna jawo haka.

Illar ba ta tsaya ga firgita jama'a ba. Ƙarancin fetur yana sa inji zafi har ya ƙone bawul ko ya huda fistin. Fashewar tana tsaga salansa, wutar da ta koma baya kuma tana iya kama matatar iska, ga asarar mai.

Ɗan tatas-tatas lokacin da aka saki totur ba abin tsoro ba ne. Amma in harbin ya yawaita, a duba fulogi, a wanke matata da kafireta, a toshe ɓular salansa, makaniki ya daidaita bawul. Rigakafi dai ya fi magani.